Ajin Koriyanci na Yantala: tarihin zuri'a ya fi harshen armashi

Akwai wani matashi a unguwar Yantala, nan Yamai, da ya yi karatu a Koriya ta Kudu, yana koyar da Koriyanci ranar Asabar bayan la'asar, jikka biyar a wata. In harshen kake nema, tafiyar hawainiya ake yi. Wata ya shuɗe ba mu wuce haruffa da gaisuwa ba. Amma in malam ya shiga tarihin zuri'o'insu, nan kuɗinka ke fita.

A wurinsa na ji cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar sunansa Kim, kuma ba duka ne dangi ba. Sai an tambayi garin tushe, bon-gwan. Kim na Gimhae suna danganta kansu da Sarki Suro, wanda aka ce ya kafa masarautarsa ta Gaya a shekara ta 42, matarsa Heo Hwang-ok kuma ta zo cikin jirgin ruwa daga Ayuta, wasu na cewa Indiya ce. Mu da muka tashi da labarin Bayajidda ba mu yi mamaki ba. Kim na Gyeongju kuwa, kakansu Kim Alji cikin akwatin zinariya aka ce an tsince shi. Masu suna ɗaya da tushe ɗaya doka ta hana su auren juna, har kotu ta taka mata birki a 1997, aka soke ta a 2005.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce zuri'ar Jang ta Deoksu. Kakansu Musulmi ne da ya rako ɗiyar Kublai Khan, sarkin Mongolawa, gidan mijinta a 1274, mijin nata, Sarki Chungnyeol na Koriya, ya raɗa masa suna Jang Sun-nyong. Wani dattijo ya ce, "Malam, to jikokin suna salla?" Malam ya ce ai tuntuni suka narke cikin Koriyawa.

Kuma ba ya yi wa almara kwalliya. Ya faɗa mana talakawa da bayi da yawa ba su da sunan gida sai da rajistar iyalai ta 1909 ta zo, wasu ma saye suka yi aka cusa su cikin jokbo, littafin salsala na manyan gidaje.

Ɗakin dai ƙunci gare shi, in wuta ta ɗauke sai gumi, kuma ba a raba takarda. Ka zo da littafinka, ka zo da wuri ka kama kujerar bakin ƙofa.