Bizar Sifaniya ni da maigida: sharhina kan kamfanin da ya haɗa mana takardu

Shekararmu 14 da aure, kuma in ban da Umarar da muka yi a 2019, ni da maigida ba mu taɓa fita ƙasar waje tare ba. Shi tun yana saurayi yake da burin ganin Andalus da ke kudancin Sifaniya, musamman masallacin Ƙurɗuba da fadar Alhambra ta garin Garnada, garuruwan da muke jin sunansu a bakin malamai tun muna yara. Da Allah ya hore, sai muka tsayar da shawarar tafiya a watan Mayun 2025, tsakanin sallolin nan biyu, na kwana 10. Wannan sharhi na kamfanin tafiye-tafiyen da ya haɗa mana takardun biza ne a nan Kano. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai inda suka kyauta mana ƙwarai, akwai kuma inda suka ɓata mini rai, kuma ina so in faɗi duka biyun.

Da muka shiga ofishin, tunanina irin na Umara ne: maigida ya miƙa fasfo biyu, ya biya kuɗi, ni kuma in jira ranar tashi. Wata Hajiya ce mai kula da ɓangaren Turai, dattijuwa mai tabarau, ta ce mu zauna. Bayan gaisuwa sai ta juyo gare ni ta ce, "Hajiya, me kike yi?" Maigida ya ce ai shi zai ɗauki nauyin komai. Ta ce, "Na ji, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amma fayil biyu za a buɗe, kuma nata ba zai jingina da naka ya wuce ba. Wanda zai duba shi bai san ku ba, takarda kawai yake gani."

Wannan maganar ita ce abu mafi amfani da na samu a kamfanin, kuma saboda ita na zauna rubuta wannan. A bizar Shengen, wadda ita ake nema don zuwa Sifaniya, take kuma ba mutum damar shiga ƙasashe 29 na Turai har kwana 90 cikin kwana 180, babu wani abu wai shi bizar ma'aurata. Kowa da fom ɗinsa, kowa da hotonsa, kowa da inshorar lafiyarsa wadda ba za ta gaza yuro 30,000 ba, kowa kuma zai biya yuro 90 na biza, kuɗin da aka ƙara daga yuro 80 a watan Yunin 2024. In an hana mutum ba a mayar masa da ko sisi. Ana iya ba miji a hana mata, ana iya ba mata a hana miji. Sifaniya ma tana lissafin guzuri ne a kan kowane mutum a kowace rana, kashi 10 cikin 100 na mafi ƙarancin albashin ƙasar, wanda a 2025 ya kama yuro 118 da 'yan kai. Mu biyu kwana 10, sai ka ninka ka sake ninkawa. Hajiya ta yi mana wannan lissafin a kan takarda a gabanmu, ba ta ɓoye komai ba.

Sai maganar shaidar aure, inda muka fi daɗewa. An ɗaura mana aure a masallacin unguwarmu bayan sallar Juma'a, baffana ne waliyyi, an biya sadaki lakadan, an raba goro da alawa, jama'a sun shaida. Babu wanda ya kawo zancen takarda a ranar, kuma shekara 14 ba a taɓa tambayarmu ita ba. Ni kuma ban canza suna ba, sunan mahaifina nake amfani da shi a fasfo da katin ɗan ƙasa da banki, kamar yadda yawancinmu muke yi. Fasfon Najeriya ba ya ɗauke da sunan miji ko na mata. Wato in ka ajiye fasfona kusa da na maigida, babu harafi ɗaya da ke nuna mun san juna, balle a ce muna da 'ya'ya huɗu. Na ji wani iri da Hajiya ta nuna mini haka, domin auren da duk dangi da unguwa suka sani, a kan takarda babu shi.

Ita ta tura mu kotun shari'ar Musulunci ta yankinmu, ta ce mu tafi da waliyyi da shaidu biyu da hotuna. Baffa ya tsufa, sai da ƙanena ya ɗauko shi a mota. Da aka zo rubuta ranar ɗaurin aure, ni na faɗi wata rana, maigida ya faɗi wata, domin shi da watan Musulunci ya riƙe, ni da na Bature. Katin gayyatar bikin da mahaifiyata ta adana a cikin akwatinta shi ya raba gardama. Hajiya ta karɓi takardar ta bi ta harafi-harafi, ta gano an rubuta sunan mahaifina da "u" a ƙarshe alhali a fasfo babu, ta ce mu koma a gyara. Maigida ya so a bar shi haka, ta ƙi. Mun koma, an gyara, ya ci mana yini guda. A yau ina gode mata a kan wannan tsayawar da ta yi.

Daga nan ta shiga gina fayil ɗina. Ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga gida, yawanci ta WhatsApp, kuma na yi wa sana'ar rajista a hukumar CAC shekarun baya don in buɗe asusun kasuwanci. Ni ban ɗauki wannan a bakin komai ba, har na ce a rubuta matar aure kawai a wajen sana'a. Ta ce a'a, a rubuta abin da nake yi, a sa takardar rajistar, a sa sitatimen na wata 6 ko da kuɗin ciki ba su da yawa. Dalilinta shi ne babban abin da mai duba fayil yake son sani shi ne ko mutum zai dawo, kuma macen da ke da kwastomomi da kaya a ɗaki da kuɗi na shiga da fita tana da abin da zai dawo da ita. Ta haɗa da wasiƙar maigida ta ɗaukar nauyi da sitatimen ɗinsa da takardar hutu daga wurin aikinsa, ta sa kwafinsu a fayil ɗina ma, ba a nasa kaɗai ba. Ta sa takardun haihuwar yaran na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da wasiƙar makarantarsu mai nuna suna tsakiyar zangon karatu. A wasiƙar bayanin tafiya kuwa, kowannenmu ya ambaci sunan ɗan'uwansa da lambar fasfonsa, da cewa yaran za su zauna wurin kakarsu.

To, ga inda raina ya ɓaci.

Akwai wani saurayi a ofishin wanda ke cike fom a kwamfuta. Ranar da Hajiya ba ta nan, ya duba sitatimen ɗina ya ce kuɗin sun yi kaɗan, ya ce wa maigida, "Yallaɓai, ka zuba mata miliyan biyar ko shida mako guda kafin a buga, in an gama sai ta mayar maka. Kowa haka yake yi." Ya ƙara da cewa in babu a hannu, akwai masu ba da aro a biya su lada. Maigida har ya fara tunanin yi. Ni hankalina bai kwanta ba, na kira Hajiya da daddare. Ta yi salati, ta ce kada mu kuskura, domin kuɗin da ya faɗo asusu rana ɗaya babu asali shi ne abin da ido ke fara sauka a kai, kuma yana iya jawo a yi shakkar duk sauran takardun har da na mijin. Ta ba ni haƙuri, amma ni abin da ya dame ni shi ne ofishi ɗaya, baki biyu. Wanda ya faɗa hannun yaron nan ranar da Hajiya ba ta nan, zai biya kuɗinsa a ba shi shawarar da za ta cuce shi, kuma ba zai sani ba sai fasfonsa ya dawo babu biza. Wannan ba ƙaramin laifi ba ne a wurin kamfanin da ke karɓar kuɗi don ya ba da shawara.

Shi ne kuma ya kama mana otal a Madrid da Ƙurɗuba da Garnada da sunan maigida kaɗai. Takardar ta nuna ɗaki na mutum biyu, amma sunana bai fito ko'ina ba. Ni na lura da haka a gida, kwana biyu kafin mu tafi Abuja, ina jera takardun a kan gado. In da an miƙa haka, fayil ɗina ba shi da shaidar inda zan kwana. Sun gyara washegari, amma ba aikina ba ne in gano.

Na uku kuɗin aikinsu. Abin da aka faɗa wa maigida a waya ashe na mutum ɗaya ne, sai ranar biya aka ce a ninka. Ba na cewa bai halatta su karɓi na mutum biyu ba, tunda fayil biyu suka yi da gaske. Amma mutum ya ce muku shi da iyalinsa ne, ya kamata a faɗa masa jimilla tun farko. Rasit ma sai da muka nema.

Wani alherin Hajiya da ba zan manta ba: ana saura kwana uku ƙaramar Sallah, wadda ta kama 30 ga Maris, ta kira ni musamman. "Hajiya, na san za a yi lallen Sallah. Ki yi a bayan hannu da ƙafa yadda kike so, amma ki bar kan yatsu." Ranarmu ta miƙa takardu tana mako na biyu na Afrilu, kuma za a ɗauki zanen yatsu goma. Lalle, musamman baƙi, yana iya hana na'ura karanta zanen. Da muka je cibiyar karɓar takardu a Abuja na ga wata baiwar Allah a gabana da lalle har kan farce, ana ta goge mata yatsu ana sake gwadawa. Ni sau ɗaya na ɗora aka wuce. Zanen kuma ana ajiye shi wata 59, don haka in mun sake nema a cikin wannan lokaci ba lallai a sake ɗauka ba. Maganar hoto ma ta yi mini bayani tun da wuri: ba a hana hijabi ba, amma fuska ta fito sarai daga haɓa zuwa goshi, kuma kada launin hijabin ya saje da farin bango. Na sa mai ruwan toka mai duhu.

A cibiyar komai ya tafi cikin tsari. Lokacinmu a jere yake, ni na fara shiga, shi ya biyo. Ma'aikaciyar ta jera takarduna, ta tambaye ni ranar tafiya da garuruwan da za mu, na amsa da bakina domin Hajiya ta sa na haddace tsarin tafiyar, ta ce kada in ce "sai a tambayi maigida". Su cibiyar karɓa kawai suke yi su tura, ofishin jakadanci ne ke yanke hukunci. Ƙa'idar ita ce kwana 15, ana iya kai wa 45 in ana son ƙarin bincike, kuma ana iya nema tun saura wata 6 a yi tafiya. Mu mun matse kanmu da yawa, da mun fara tun Janairu da mun fi samun natsuwa, kuma wannan ma da kamfanin ya ja mana kunne a kai da ya kyauta.

In maki zan bayar, Hajiya ita kaɗai ta ci 9 cikin 10, kamfanin gaba ɗaya 6. Ƙanwata da mijinta suna shirin nema baɗi, na ce su je can, amma su ce Hajiya suke so, su nemi jimillar kuɗi a rubuce, kuma ita ƙanwar tawa ta karanta kowace takarda da idonta ta tabbatar sunanta yana ciki. Na ce su fara da takardar aure tun yanzu, tun waliyyinta da shaidun suna da ƙarfin zuwa kotu.

Fasfon maigida ya riga nawa dawowa da kwana uku. Ya buɗe ya ga bizarsa, ya mayar cikin ambulan ya ce ba zai yi murna ba sai nawa ya zo, kuma bai gaya wa kowa ba, har mahaifiyarsa. A kwana ukun nan na yi ta tuna yaron nan da miliyan biyar ɗinsa, da "u" ɗin da aka cire daga sunan mahaifina. Hajiya tana kira kullum da safe ta ce in kwantar da hankali, tunda fayil biyu ne ba dole su fito rana ɗaya ba. Ranar Alhamis bayan la'asar mai kawo saƙo ya buga ƙofa. Bizata ta fito da ranaku iri ɗaya da nasa. A daren muka sayi tikitin shiga Alhambra ta intanet, wanda shi ma da suna da lambar fasfo ake yanka wa kowa nasa, da sa'ar da za a shiga fadar sarakunan Banu Nasr da ke cikinta. Ni na cike nawa, na zaɓa mana ƙarfe 10 na safe.