Bayan Tiyatar Kansar Fankiriyas: Me Ya Kamata a Fara Saya Don Ƙarfi Ya Dawo?

Da zarar an sallamo mara lafiya daga asibiti, kayan dubiya sukan fara shigowa: katan na lemon malt, gwangwanayen madara, zuma, kwalaben maganin ƙarin jini, wani ma ya zo da jiƙon da aka ce ya tayar da wane daga kwance. Iyalin gidan kuma, waɗanda tiyata ta riga ta tatse, sai su rasa inda za su sa ɗan abin da ya rage. Ga wanda aka yanke wa fankiriyas, tsarin sayayyar ya bambanta da na sauran masu jinya, kuma abin da ya fi muhimmanci ba ya cikin kayan dubiyar nan ko kaɗan.

Fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, aiki biyu take yi: tana fitar da ruwan da ke narkar da maiƙo da nama da sitaci, tana kuma samar da insulin mai daidaita sukarin jini. A tiyatar Whipple, wadda ta samo sunanta daga likitan Amurka Allen Whipple da ya bayyana ta a 1935, ana cire kan fankiriyas da farkon ƙaramin hanji da matsarmama da wani yanki na bututunta, wani lokaci har da ɓangaren tumbi. Idan ciwon yana wajen jelar fankiriyas ne, jelar ake cirewa, galibi tare da saifa. Akwai kuma wanda ake cire wa gaba ɗaya. Kowanne aka yi, mutum zai iya ci ya ƙoshi amma abincin ya wuce bai shiga jiki ba. Ciyar da shi kaza da madara a wannan hali kamar ɗibar ruwa ne da kwando.

Kafson narkar da abinci

Nan ne ya kamata kuɗin farko su tafi. Sunan maganin pancreatin, kuma samfurin da aka fi sani shi ne Creon, ko da yake akwai na wasu kamfanoni, musamman na Indiya. Lambar da ke jikin kwalin, 10,000 ko 25,000, adadin sinadarin narkar da maiƙo ne a kowane kafso. Ita za ku duba, ba girman kwali ko kyan bugunsa ba. Jagororin likitoci a Turai suna fara babba da 40,000 zuwa 50,000 a kowane babban abinci, da kimanin rabin haka a ɗan abin taɓawa, daga nan a riƙa ƙarawa gwargwadon buƙata. Likitanku ne zai yanke adadin, amma ku yi lissafin tun kafin ku je kemis. Mai shan na 25,000, biyu-biyu sau uku da ɗaya-ɗaya sau uku, zai sha tara a rana, wato 270 a wata. Kwalba mai ɗari ba za ta kai mako biyu ba. Na 10,000 yakan yi kamar ya fi araha a kan kanta, sai dai biyar za a haɗiya wuri guda kafin a kai 50,000. Saboda haka ku raba farashi da jimillar adadin da ke cikin kwalbar, a nan ne za ku gane wanda ya fi sauƙi da gaske.

Akwai ƙwayoyin narkar da abinci masu araha da ake sayar wa mai kumburin ciki bayan ya ci tuwo ya wuce kima. Da yawansu adadinsu kaɗan ne ƙwarai. Akwai kuma na gwanda da abarba da ake tallatawa a matsayin "na ganye zalla". Waɗannan ba su da ƙarfin narkar da maiƙo yadda wannan mara lafiya yake buƙata, kuma ba wanda ya tabbatar da abin da ke cikin kowace ƙwaya. A ganina asarar kuɗi ce, asarar lokaci kuma ta fi ta ciwo.

Abin da yakan tura mutane wajen na ganyen shi ne batun asali: pancreatin daga fankiriyas ɗin alade ake samo shi, kusan duk samfuran da likitoci ke rubutawa haka suke. Gara a faɗa wa mara lafiya tun farko da ya gano daga baya ya daina sha a ɓoye. Ƙa'idar larura sananniya ce a fiƙihu, ayar da ta haramta naman alade a Suratul Baƙara ita ce kuma ta ɗauke laifi daga wanda ya matsu, kuma malamai da dama sun halatta irin wannan magani idan babu madadin da ya kai shi. A Jamus akwai wani mai suna Nortase da ake yi daga naman gwari, amma samunsa a nan wuya ne, kuma ba a yi masa gwaje-gwaje masu yawa kamar pancreatin ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya haɗa likitansa da malaminsa, kowa ya ji bayanin ɗan'uwansa.

Zafi yana kashe wannan magani. Yawancin kwalaye sun ce a ajiye ƙasa da digiri 25, alhali a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu ana haura 40. Kwalbar da ta yi wata da watanni a shagon kwano ba fanka tana iya zama ta ainihi, da lambar NAFDAC da komai, amma ƙarfinta ya ragu. Ku saya a babban famasi mai sanyi ko na asibitin koyarwa, ku duba ranar ƙarewa, a gida kuma ku nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, ba aljihun mota ko bakin taga ba. Ana sha ne da lomar farko, da ruwa mai sanyi ko na randa, ba da shayi mai zafi ba. Idan cin zai ɗauki lokaci, a raba: ɗaya a farko, ɗaya a tsakiya. Ba a tauna shi, ba a daka shi. Wanda haɗiya ke yi wa wuya zai iya buɗe kafson ya zuba 'yan ƙwayoyin a cokalin yogot ya haɗiye nan take, ya kora da ruwa.

Ta yaya za a san adadin ya isa? Bayan gida ne ke ba da labari. Idan ya yi fari-fari, yana maiƙo, yana da wari fiye da kima, yana yawo a saman ruwa, ga iska da murɗar ciki, to maiƙo yana wucewa ne ba a narkar ba. Gidan da ke amfani da masai ba za a ga wannan ba, don haka a riƙa amfani da fo lokaci-lokaci a duba. Mafitar ba hana mara lafiya mai ba ce, ƙara kafso ce bisa shawarar likita. Omeprazole, maganin rage tsamin ciki da ake rubutawa bayan Whipple, shi ma kada a yar da shi don ciki ya daina zafi: yana kare wurin ɗinki daga gyambo, yana kuma taimaka wa kafson ya yi aiki.

Gwangwani ko tukunya

Jikin mai murmurewa daga cutar kansa yana buƙatar kimanin kalori 25 zuwa 30 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, da furotin giram 1.2 zuwa 1.5. Mai kilo 60 ke nan zai nemi giram 72 zuwa 90 na furotin. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, sai ku ga girman aikin ga mutumin da loma huɗu ke cika masa ciki.

Madarar gwangwani irin Ensure tana da amfani a makonnin farko, lokacin da warin girki kansa ke tayar da zuciya. An auna komai a cikinta, ba ta buƙatar wuta. Akwai masu kauri irin Ensure Plus da Fresubin waɗanda ke ba da kalori ɗaya da rabi ko biyu a kowane mililita, su suka fi dacewa da mai ƙaramin ciki idan an same su. Glucerna an yi ta ne don masu ciwon suga. Amma abu biyu mai shago ba zai gaya muku ba. Na ɗaya, waɗannan ma suna buƙatar kafso, domin akwai maiƙo da furotin a ciki. Na biyu, idan aka kwankwaɗe kofi guda a tashi ɗaya, wasu sukan ji jiri da gumi da bugun zuciya da gudawa, saboda zaƙi ya faɗa hanji da sauri. Kurɓa ake yi a hankali. Akwai kuma irin su Peptamen da aka riga aka farfasa furotin ɗinsu, masu tsada sosai. Su sai masanin abinci na asibiti ya ce a saya.

Da ci ya fara dawowa, tukunyar gida ta fi gwangwani riba nesa ba kusa ba. Madarar gari mai cikakken maiƙo kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne, gyaɗa ma haka. Kunun gyaɗa da aka zuba wa cokali biyu ko uku na madarar gari, ba tare da an cika suga ba, abinci ne na gaske. Haka alala da ƙwai a ciki, farfesun kifi ko kaza da ya dahu luguf, faten dankali ko na wake da aka cire wa ɓawo, dafaffiyar awara, miyar kuka ko ta kuɓewa da niƙaƙƙen nama a kan tuwo mai laushi. Ƙosai da soyayyen nama ba haramun ba ne, amma a jinkirta su, in an ci kuma a ƙara kafso. Kindirmo yana da kyau matuƙar an tafasa madarar kafin a yi shi. Nonon tallan da ba a san yadda aka sarrafa shi ba a bar shi, musamman lokacin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar kansa, da garkuwar jiki ke ƙasa. Sau shida ko bakwai a ƙaramin kwano ya fi sau uku a babba, ruwa kuma a sha tsakanin abinci, kada ya cinye wurin loma.

Lemon malt da lemon kwalba da abubuwan sha masu "ƙara kuzari" suga ne da ruwa. A karɓa a yi godiya, a ba yara.

Maganin ƙarin jini da bitamin

Kasalar da ta ƙi tafiya tana iya zama ƙarancin jini, domin farkon ƙaramin hanjin da ake cirewa a Whipple nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Bitamin A da D da E da K kuma da maiƙo suke shiga jiki, in maiƙo bai narke ba su ma sun wuce. Ana iya rasa B12 da zinc. Duk da haka, kuɗin gwajin jini ya fi kuɗin kwalbar tonik amfani. Tonik ɗin kanti yawanci ruwan suga ne da ɗan ƙarfe, wasu har da barasa a ciki, kuma wanda hanjinsa ba ya tsotsa sosai yana iya buƙatar ƙarfen ta jijiya ko B12 ta allura. Gwaji ne zai nuna wanne.

Jiƙo da haɗe-haɗen da ake tallatawa a mota da lasifika, waɗanda ba a san abin da ke ciki ba, ba na wannan lokacin ba ne. Yawancin waɗanda aka yi wa tiyatar za a ba su kemo na kusan wata shida, ana kuma so a fara cikin makonni 12 bayan aikin. Hanta ce za ta ɗauki nauyin maganin. Idan jiƙo ya taɓa ta, gwaji ya nuna ta motsu, sai a ɗage kemo. Zogale a miya ko kwaɗo abinci ne, ba laifi.

'Yan kayan aiki

Sikelin awon nauyi na ƙasa yana cikin abubuwa masu araha a duk wannan lissafi, kuma shi ne zai gaya muku ko sauran kuɗin suna aiki. Sau ɗaya a mako, da safe, da kaya iri ɗaya, a rubuta a littafi. Raguwa a makonnin farko ba abin mamaki ba ne. Idan ta ci gaba duk da ana ci, a koma asibiti da littafin a hannu.

Na'urar gwajin suga dole ce ga wanda aka cire wa fankiriyas duka, domin shi insulin zai yi ta yi har ƙarshen rayuwa, kuma sukarinsa yakan faɗi ba zato. Sauran ma ya kamata su riƙa dubawa. Wajen zaɓe, kada arahar na'urar ta ja ku: ku tambayi kuɗin 'yan takardun gwajinta da ko ana samunsu a garinku. Na'urar da aka zo da ita tsaraba daga Indiya ko Masar, in ba takardunta a kasuwa, ta zama kayan ado. Ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL faɗuwar suga ce, a ba shi abu mai zaƙi nan take. Nan ne kawai lemon kwalba ke da rana.

Ɗamarar ciki tana rage zafi wajen tari da tashi, wasu suna jin daɗinta, amma ba ita za ta hana ɗinkin ciki saki ba. Abin da ke kare shi shi ne kauce wa ɗaukar kaya masu nauyi na makonni shida zuwa takwas: ba jarkar ruwa, ba jan guga, ba ɗaukar jika. Salla a zaune har sai ruku'u da sujada sun daina ja.

Keken motsa jiki na ɗaki da sauran injina ba su da gaggawa. Tafiya a ƙasa tana cikin abubuwan da aka fi tabbatar da amfaninsu a kan kasalar da cutar kansa ke kawowa, kuma takalmi mai kama ƙafa kawai take nema. A fara da zagayen tsakar gida minti biyar sau uku, sai ƙofar gida, sai masallacin unguwa, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Tashi daga kujera a koma, sau goma, yana gina cinya. Ziyara ɗaya ko biyu zuwa sashen gashin ƙashi a asibitoci irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a koya masa atisayen da ya dace da ɗinkinsa, ta fi sayen inji. Ƙarfi yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya dawo, ga mai kemo ma fiye da haka, don haka 'yan dubiya su daina cewa "har yanzu?" Azumi kuwa sai likita ya amince.

Wanda aka cire wa saifa yana da ƙarin sayayya biyu da bai kamata a jinkirta ba: alluran rigakafin sanƙarau da na ciwon huhu, da gidan sauro mai magani. Zazzabin cizon sauro ya fi tsanani ga wanda ba shi da saifa, ga shi kuma yankinmu yankin sanƙarau ne. Duk zazzabin da ya taso masa na asibiti ne a ranar, ba na kemis ba. Haka idan ido ya yi rawaya, ko bayan gida ya yi baƙi, ko aka yi aman jini, ko ɗinki ya fara ruwa, wannan ya shafi kowa da aka yi wa tiyatar. Waɗanda aka yi wa aikin a ƙasar waje su tabbata sun dawo da takardar da ta bayyana ainihin abin da aka cire da adadin kafson da aka ɗora su a kai, su kuma taho da na wata biyu ko uku a jakar hannu, kafin su gano famasin da za su dogara da shi a gida.