Arisia ko Boskone? Amsa ga ƙaninmu da ke Boston

Assalamu alaikum jama'a. Ƙaninmu da ya zo karatu Boston a watan Satumba ya yi tambaya shekaranjiya, ya ce wannan ne hunturunsa na farko a Amurka, zaman ɗaki ya ishe shi, shi kuma tun yana gida mai son ƙagaggun labaran kimiyya ne, irin na jiragen sararin samaniya da duniyoyin nesa. Ya ji ana maganar taruka biyu na masoya irin waɗannan labarai, Arisia da Boskone, kuɗinsa na ɗaya ne kawai, kuma yana so ya ga rawar mutanen yankin ya leƙa gidajen tarihi duk a cikin wata guda. Wanne zai je? To ƙanena na je duka biyun ba sau ɗaya ba lokacin da nake zaune a can, bari in ajiye maka su gefe da gefe kamar yadda na gansu.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne uwarsu ɗaya, rabuwa suka yi. Boskone shi ne babba, an fara shi tun 1941 ya tsaya a 1945, aka farfaɗo da shi a 1965, kuma ƙungiyar NESFA ta masoya irin waɗannan labarai a yankin New England, da aka kafa a 1967, ita ke riƙe da shi har yau. A hankali ya yi ta girma har a 1987 mutane sama da 4000 suka cika otal ɗin, da yawansu ba littafi ya kawo su ba shagali ne, ƙararrawar gobara ta yi ta tashi cikin dare, masu otal suka ce sun yafe. Dole Boskone ya tattara ya koma Springfield a 1988, ya rage yawan mutane da gangan, daga baya ya matso Framingham, bai dawo cikin Boston ba sai 2003. Waɗanda suka ga an rufe musu ƙofa, matasa da masu ɗinka kayan kwaikwayo da masu wasanni da 'yan rawa, su ne suka haɗa kai suka yi nasu taron a 1990 suka sa masa Arisia. Har sunan ma da magana a ciki, domin a littattafan Lensman na E. E. Smith, Boskone da Arisia ɓangarori biyu ne da ke gaba da juna. Yanzu dai wutar ta mutu, mutane da yawa suna zuwa duka biyun, shekaru da dama ma a otal ɗaya aka riƙa yinsu a unguwar Seaport. Amma halin da kowanne ya taso da shi yana nan, kuma shi ne zai raba maka gardama.

Arisia a Janairu ake yi, ƙarshen makon hutun Martin Luther King, wato Litinin ta uku a watan, daga Juma'a har Litinin kwana huɗu. Boskone kuma a tsakiyar Fabrairu, yawanci ƙarshen makon ranar shugabannin ƙasa, Juma'a zuwa Lahadi. Wajen yawan jama'a kafin korona Arisia ya haura mutum 4000, Boskone kuwa ya daɗe a wajen dubu ɗaya da ɗoriya. Bayan korona duk sun ragu amma har yanzu in ka shiga za ka ji bambancin a jikinka, ɗaya kamar kasuwa ranar cinta, ɗayan kamar zauren malami bayan la'asar.

Ta ɓangaren littafi Boskone ya fi, wannan ba na ja da kowa. Marubuta da editoci da masu zanen bangon littafi da masana kimiyya na jami'o'in garin su ne ke cika kujerun gaba, kuma saboda taron ƙarami ne za ka iya tsayar da marubuci a baranda ku yi minti goma kuna magana ba wanda zai ture ka. Akwai wani abu da suke kira kaffeeklatsch, ka rubuta sunanka a takarda da wuri, a haɗa ku ku kamar goma a tebur ɗaya da marubuci ɗaya na awa guda ana shan shayi ana tambayarsa. Wallahi zama ɗaya da na yi a irin wannan tebur ya koya mani yadda ake tura gajeren labari ga mujalla fiye da duk abin da na karanta a intanet. A can ne kuma ake ba da kyautar Skylark wadda aka fara a 1966 don tunawa da Smith ɗin nan, da kyautar Jack Gaughan ta sabon mai zane, sannan NESFA na da nasu kamfanin ɗab'i da ke sake buga tsofaffin littattafan da suka ɓace a kasuwa. Arisia ma yana da zaurukan tattauna littafi da kimiyya, masu kyau ma, sai dai suna cikin tulin wasu abubuwa ne, fim da katun na Japan da wasannin tebur da koyon ɗinki da wasan takobi, in ba ka zauna da jadawalin ka yi wa abin da kake so alama ba sai ka wuni kana yawo daga ƙofa zuwa ƙofa.

Rawa kuwa, a nan Arisia ya yi wa Boskone nisa sosai. Kusan kowane dare akwai zauren rawa, ta zamanin da da ta zamani, sau da yawa da darasi kafin a fara, ga kuma gasar shiga ta kwaikwayo inda mutum zai hau dandamali da kayan da ya yi wata shida yana ɗinkawa da hannunsa, akwai alƙalai masu duba har bayan ɗinkin. Ni abin da ya fi kama ni ita ce rawar contra, wadda ita ce ta gargajiyar yankin New England. Layi biyu ake yi dogaye ana fuskantar juna, makaɗa na gefe da goge da fiyano, sai mutum ɗaya da makirfo yana kiran takun da za a yi kafin a yi shi, saboda haka ko yau ka fara za ka iya bi. Kai da abokin rawarka kuna yi da wasu biyu na ɗan lokaci, sai ku matsa gaba ku haɗu da wasu biyun, haka har ku kai ƙarshen layi, kafin kiɗa ɗaya ya ƙare ka gaisa da mutum talatin.

Amma ƙanena tsakani da Allah sai na faɗa maka, rawa ce ta riƙe hannu da kafaɗa, maza da mata a haɗe, kuma ba kai ke zaɓar wanda zai zo gabanka a layi ba. In wannan bai kwanta maka ba kar ka bari kunya ta tura ka ciki. Akwai kujeru a gefe, ba wanda zai tambaye ka dalili, in an gayyace ka ka ce na gode kallo nake shi ke nan. Ni daren farko a kujera na yi shi kuma ban ji na yi asara ba, kiɗan kaɗai da ƙarar ƙafafu a kan katako sun isa su fitar maka da sanyin Janairu daga ƙirji. In kuma contra ɗin kawai kake so ka gani ba sai ka biya kuɗin taro ba, ana yinta kusan kowane mako a Scout House da ke garin Concord, ana kuma yi a Cambridge kusa da Porter Square a wasu ranakun Lahadi, kuɗin shiga kaɗan ne, ka dai tafi da takalmi mai tsabta a jaka domin ba sa son gishirin da ake zuba wa titi saboda ƙanƙara ya ɓata musu daɓe. A Boskone abin da ya fi ƙarfi da dare shi ne waƙa, ana zama da'ira da jita ana rera waƙoƙin da masoya labaran suka tsara da kansu, wanda suke kira filk. Yana da daɗi amma a zaune ake yi.

Maganar kuɗi. Duk biyun 'yan sa kai ne ke gudanar da su, ba wanda ake biya albashi, shi ya sa ba sa cewa tikiti sai dai rajistar zama mamba. Ka yi rajista da wuri ta fi sauƙi, akwai ta kwana ɗaya, kuma a Arisia akwai rangwamen ɗalibai, in ma ka yi aikin sa kai ka cika wasu awanni ana iya yafe maka kuɗin baɗi. Boskone kuma a shekaru da dama ya riƙa buɗe yammacin Juma'a kyauta ga kowa, ka duba shafinsu in sun sanar da haka bana ka ga ka ɗanɗana ba ka kashe ko sisi ba. Kar ka kama ɗaki a otal, kai da ke cikin gari jirgi da bas sun ishe ka, ka dai tuna jiragen garin na tsayawa wajen ƙarfe 1 na dare. Duk biyun suna da ɗakin hutawa da ake ajiye abin taɓawa kyauta, ka riƙa karanta takardar da ke jikin abinci saboda naman alade, ni dai da dabinona da burodi nake tafiya. Shagalin da ake yi a ɗakunan sama da dare wasu akwai giya wasu babu, kuma yawanci za ka gane tun daga ƙofa.

Sallah ma ka tsara ta. A Janairu rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5, azahar da la'asar da magariba suna zuwa a jere kamar ana koro su, in ka shiga zaure biyu a jere sai ka fito ka tarar an yi duhu. Ka yi Juma'arka a babban masallacin Roxbury, kusa yake da tashar Roxbury Crossing, ko na Cambridge da ke titin Prospect, sannan ka wuce taron. Sauran salloli ka tambayi masu teburin bayani su nuna maka kusurwar da ba hayaniya, ban taɓa tambaya an hana ni ba. Sannan ka duba kalanda da kyau, a shekarun nan azumi na ta matsowa cikin Fabrairu, Boskone zai iya faɗowa cikin Ramadan, kuma zaman sauraron tattaunawa tun safe da azumi a baki ga tarawihi na jiranka ba ƙaramin aiki ba ne.

Kowannensu kuma yana da kishiya a ƙarshen makonsa. Ranakun Arisia su ne na gasar wasan ƙwaƙwalwa ta jami'ar MIT, Mystery Hunt, wadda ake yi tun 1981, in abokan ajinka 'yan lissafi ne za su ja ka can. Kusa da ranakun Boskone kuma akwai bikin finafinan kimiyya na Boston a silimar Somerville da ke Davis Square, wanda ake rufewa da kallon awa 24 ba tsayawa, mutane har da filo da bargo suke zuwa.

Gidajen tarihi ba sa cin karo da komai, su ne ma za ka cike makonnin da ke tsakani da su. Ka fara tambaya a makarantarku, jami'o'i da yawa na garin katin ɗalibinsu na shigar da kai Museum of Fine Arts kyauta, laburaren birni ma na ba da takardar rangwame ga mai kati. A wannan gidan kar ka wuce ɓangaren Nubiya, kayan Kerma da Meroe na ƙasar Sudan ne da aka haƙo a farkon ƙarni na 20 ƙarƙashin masanin haƙar kayan tarihi George Reisner, suna daga cikin mafi yawa a wajen Sudan, ni na tsaya gabansu raina biyu, ga sha'awa ga tunanin yadda suka baro gida. Taku kaɗan daga nan akwai gidan Isabella Stewart Gardner da aka buɗe a 1903, tsakar gidansa rufe take da gilashi, waje dusar ƙanƙara ciki furanni kore shar, kuma firam ɗin zanen da ɓarayi suka sace a Maris 1990, kaya 13, har yau suna rataye ba komai a ciki. Kai da ke son kimiyya kuwa ka je Museum of Science ka ga injin Van de Graaff yana tartsatsin walƙiya a cikin ɗaki.

To in ni ne kai, Arisia zan je bana. Da ce mana ka yi kana rubuta labari kana neman wanda zai nuna maka hanyar bugawa da na ce Boskone ba tare da wani dogon tunani ba. Amma abin da ka rubuta shi ne zaman ɗaki ya ishe ka, kana wuni ba ka yi magana da kowa ba sai na'urar biyan kuɗi a kanti, kuma na san wannan ciwon domin na yi shi a hunturuna na farko. Maganinsa jama'a da motsi, kuma Arisia ya fi matasa sa'anninka, ya zo a daidai lokacin da duhu ya fi tsanani kafin karatu ya kankama. Ka yi rajistar Asabar da Lahadi in kuɗin bai kai na kwana huɗu ba, ka ba su awa biyu ko uku na aikin sa kai a teburin rajista ko ɗakin abinci domin a nan ake yin abokai, sannan a Fabrairu ka leƙa Boskone ranar Juma'a. Ka sa kaya hawa-hawa da za ka iya cirewa saboda cikin otal zafi ne, ka kuma sayi takalmin da ruwa ba ya shiga tun yanzu, iskar bakin tekun nan ba irin hunturun gida ba ce. In ka tsayar da ranar ka sanar a nan, akwai 'yan'uwa biyu a Cambridge da na san za su so su raka ka. Allah ya ba da sa'ar karatu.