Sun ƙara wa firosesa gudu, kwamfutar ta daina tashi

Haɗa bidiyon biki ita ce sana'ata, shi ya sa da na je wani shago a nan Kano a haɗa min kwamfuta, abu ɗaya na roƙa: ta riƙa fitar da aiki da wuri. Mai shagon ya ɗora min firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Ryzen 5 3600, ya ce in na ƙara kuɗi zai ƙara masa gudu, kawunansa shida duk su tsaya a 4.4 GHz. Masu ƙera shi 3.6 suka rubuta, yakan hau har 4.2 in aiki ya buƙata. A cikin sanyin esin shagon ya kunna Cinebench, manhajar auna ƙarfin firosesa, maki ya fito, ya ce, "Alhaji, ka samu jirgi."

A gida kuwa, cikin zafin watan Afrilu, labari ya sha bamban. Da zarar bidiyo ya yi nisa sai shuɗin allo ya bayyana da rubutun WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR, aikin ya ɓace. Ana nan sai wata safiya ta ƙi tashi ƙwata-ƙwata. Fankoki na juyawa, allo baƙi ƙirin, ga dangin amarya suna ta kira suna neman bidiyonsu.

Da na mayar da ita, mai shagon ko murfin bai buɗe ba ya yanke hukunci: wutar NEPA ta ƙona firosesa, sai na sayi sabo. Wallahi raina ya ɓaci matuƙa, domin a bayan UPS take tun ranar da ta shigo gidan. Yaron shagon ne, bayan ogansa ya fita salla, ya ce, "Yallaɓai, ka ba ni minti kaɗan." Ya nuna min ƙananan fitilu huɗu a gefen madabod, babban faifan da ake jona komai a kansa, na CPU, DRAM, VGA da BOOT. Ta DRAM ce ke kunne, ma'ana a wajen ram, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, tashin yake maƙalewa, firosesa kuma yana da rai. Ya zare wayar wuta, ya cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya haɗa ƙusoshin goge CMOS (inda madabod ke ajiye saiti) guda biyu da bakin sukudireba, ya mayar da komai. Sai ga ta ta tashi. Ban san lokacin da na ce Alhamdulillahi da ƙarfi ba.

Daga nan ya sa ogansa ya faɗa masa saitin da aka yi tun farko, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ya taɓa abu biyu a lokaci guda. Ashe matsala biyu ce. Ram ɗin mai gudun 3200 ne aka tura shi 3600, shi ke hana tashi, kuma MemTest86, mai gwada ram, ya zubo kurakurai nan take. Shuɗin allon kuma daga firosesa yake: an ɗura masa wuta har 1.45 bolt, alhali ƙaramar fankar da ta zo a kwalinsa ce a kai. A manhajar HWiNFO na ga zafin yana dukan digiri 95, iyakar da aka gindaya masa ke nan. Yaron ya goge tsohon man da ke tsakanin firosesa da fanka ya shafa sabo, ya mayar da ram kan XMP ɗinsa, wato saitin da masu ƙera shi suka ba shi, ya bar firosesa yana hawa da sauka da kansa, sannan ya bar Prime95, mai wahalar da firosesa don gwaji, yana aiki har la'asar. Ba ta ɗauke ba, kuma har yau ba ta sake ba. Bambancin lokacin fitar da bidiyo ma bai taka kara ya karya ba.

Saboda yaron nan na so in ce ku je shagon, don samun mai natsuwa irinsa sai an tona. Amma da na tuna mai shagon ya karɓi kuɗin gyara a kan ɓarnar da hannunsa ya yi, bayan kuɗin ƙara gudun da bai mayar min ba, sai na fasa. Ga Windows da yawan ɗaukewar ya lalata, dole aka sake ɗora ta, ga bidiyon kamu guda da na sake haɗawa tun daga farko. Abin da ya fi ci min rai, wanda ya san aikin nan ya san wuta mai yawa haka tana gajiyar da firosesa a hankali, kuma da na faɗa wa mai shagon cewa ya yi haka yake wa kowa. Da na biye masa na sayi sabo, da nawa mai lafiya yana cikin durowarsa yana jiran wani mai saye.

Idan an ce za a ƙara wa taku gudu, ku ce a rubuta muku bolt nawa aka sa, wace fanka ce a kai, kuma a gwada ta na awoyi a ɗaki marar esi kafin ku biya. Yaron na karɓi lambarsa, shi zan riƙa kira. Shagon kuwa ko linzamin kwamfuta ba zan ƙara saya a can ba.