Wane tikiti ya cancanci kuɗinka a gidan sinima mai zauruka da yawa?

Duk wanda ya tsaya gaban kantar tikiti a gidan sinima irin na cikin manyan shaguna, a Abuja ne ko Legas, Dubai ko Landan, zai ga fim ɗaya an jera shi sau uku ko huɗu, kowanne da farashinsa. Wannan 2D, wato hoto na yau da kullum, wancan 3D da ake kallo da tabarau na musamman, ga IMAX, ga Dolby, wani wurin har da na kujera mai girgiza. Mai sayarwa na jiranka, 'yan layi na bayanka suna ƙosawa, sai ka nuna wanda sunansa ya fi cika baki. Shawarata ita ce ka fara tambayar zauren da za a haska fim ɗin da irin hasken majiginsa, sannan ka waiwayi sunan da ke jikin tikiti. Wannan tarin sunaye duk ya samo asali ne daga 'yan shekarun da gidajen sinima suka ajiye zaren fim suka koma dijital, kuma wanda ya san yadda aka yi wannan sauyi ba a cika yi masa wayo a kanta ba.

Kusan shekara ɗari ana haska fim da zare mai faɗin milimita 35, hoto 24 na wucewa gaban fitila a kowane sakan. Fim mai awa biyu zarensa ya haura kilomita 3, kuma yana zuwa ne a faifai biyar ko shida cikin akwatunan ƙarfe masu nauyi. Waɗanda suka yi kallo a tsofaffin sinimomin Kano irin su Plaza da Marhaba za su tuna ɗan tabon da ke ƙiftawa a kusurwar sama ta dama, alamar da ke gaya wa mai majigi ya sauya faifai, da layukan ƙarce da ke zubowa kamar ba za su ƙare ba idan zaren ya sha yawo. A gidaje masu zauruka da yawa an riƙa manne faifan duka wuri guda a kan wani babban faranti, ta yadda mutum ɗaya zai iya kula da zauruka da dama. A wancan zamanin kowane kwafi na zare yana cin kamfanin fim wajen dala 1,500, kuma babban fim a Amurka yana buƙatar kwafi dubbai. Kwafin dijital kuwa ɗan akwatin ajiya ne na kwamfuta wanda kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba.

Gwajin farko da ya yi suna an yi shi a 1999, lokacin da aka haska Star Wars: The Phantom Menace da majigin dijital a zauruka huɗu a Amurka. A 2002 manyan kamfanonin Hollywood bakwai suka kafa wata haɗaka da ake kira DCI, ta fitar da ƙa'idojinta na haska fim da dijital a 2005, kuma har yau da su ake aiki. Amma masu gidajen sinima sun ja ƙafa, don majigi ɗaya a lokacin yana cin dubban daloli masu yawa, alhali ribar sauyin aljihun kamfanonin fim za ta shiga. Sai da kamfanonin suka yarda su riƙa biyan wani kaso na kuɗin na'urar duk lokacin da aka haska fim ɗinsu, sannan Avatar ya fito a Disambar 2009 jama'a suka yi tururuwa zuwa zaurukan 3D, abin ya kankama. Norway ta gama komawa dijital a 2011. Kodak, babban kamfanin yin zaren fim, ya shiga matsalar karayar arziki a Janairun 2012, Fujifilm ya daina yin zaren sinima a 2013, a ƙarshen shekarar kuma kamfanin fim na Paramount ya saki The Wolf of Wall Street a Amurka da dijital kaɗai. Dubban masu majigi da suka ƙware a sana'ar suka rasa aiki, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi shafar mai sayen tikiti. A da akwai mutum a ɗakin nan na sama yana leƙa allo ta taga. Yanzu a gidaje da yawa kwamfuta ce ke kunna fim a kan lokaci, ba mai dubawa sai wani ya fito ya yi ƙorafi.

Tikitin 2D na yau da kullum shi ne mafi araha, kuma ga yawancin fina-finai shi nake zaɓa. Majigin zai zama 2K ne ko 4K, wato ɗigo 2,048 ko 4,096 a faɗin hoto. Kada lambar ta ruɗe ka. Fina-finai da yawa a 2K aka kammala aikinsu, majigin 4K ba zai ƙirƙiro abin da babu ba, kuma in kana zaune daga tsakiya zuwa baya da wuya idonka ya raba su. Abin da ido ke gani nan take shi ne ƙarfin haske. Akwai ma'aunin da aka gindaya wa allo, amma ƙwan fitilar zinon da tsofaffin majigai ke amfani da shi yana dusashewa yayin da yake tsufa, ga tsada, don haka wasu gidajen sukan bar shi ya wuce wa'adinsa ko su rage masa wuta. Alamar ba ta ɓuya: farar riga ta koma ruwan toka, rana tsaka a cikin fim ta zama tamkar hazon hunturu ya rufe gari, in aka shiga wurin dare kuwa fuskokin 'yan wasa su ɓace, musamman masu baƙar fata. Wannan na ƙarshe yana min ciwo ƙwarai, domin fina-finanmu ne suka fi cutuwa da shi. Majigin leza, wanda ke haskawa da hasken leza maimakon ƙwan fitila, ba ya saurin dusashewa haka, shi ya sa in gida yana da zaure mai leza a farashin da bai yi nisa ba, can zan nufa.

Akwai wata matsala da jaridar Boston Globe ta bankaɗo a 2011, kuma darasinta bai tsufa ba. An gano wasu gidaje suna haska fim na 2D ba tare da cire gilashin 3D daga bakin majigin ba, saboda cire shi aiki ne mai cin lokaci kuma babu ƙwararre a kusa. Haske mai yawa sai ya salwanta a banza. Don haka in zaure ɗaya ake yin 3D da safe da 2D da yamma, yana da kyau ka tambaya. Allon da ake sa wa irin wannan 3D ɗin ma mai ruwan azurfa ne, tsakiyarsa ta fi gefe haske, wanda ya zauna can gefe shi ke kwasar duhu.

Shi kansa 3D ɗin ba ni da ɗoki a kansa. Tabarau da gilashin majigi tare suna cinye fiye da rabin hasken, a zauren da fitilarsa ta riga ta gaji kuwa abin ya zama azaba. Yana da amfani idan da shi aka tsara fim ɗin tun farko, kamar Avatar ko Gravity na 2013. Bayan nasarar Avatar an yi ta juya fina-finan da aka ɗauka da kyamara ɗaya zuwa 3D cikin gaggawa, Clash of the Titans na 2010 ya sha suka a kan haka, jama'a kuma suka fara gudu. Mai sa tabarau na likita zai ɗora wani a kan wani na awa biyu. Mai karanta fassarar da ke ƙasan allo, kamar masu kallon fim ɗin Indiya, idonsa zai yi saurin gajiya. Ƙananan yara kuma sukan cire tabarau ɗin bayan minti kaɗan, ka biya ƙarin kuɗi su zauna suna kallon hoto bibbiyu. In ka shiga, duba tabarau ɗin a hasken ƙofa, in da maiƙon yatsu ko ƙarce ka nemi a sauya maka tun fim bai fara ba.

IMAX ne wurin da ake yawan biyan kuɗin suna, domin abu uku ne daban-daban ke ɗauke da sunan nan. Na asali zare ne mai milimita 70 da ke gudu a kwance, kowane hoto ya ninka na 35 wajen sau goma, allon kuma tsayinsa ya kai bene mai hawa da yawa. A 2008 kamfanin ya fito da na dijital, majigi biyu na 2K, aka riƙa sa shi a zaurukan da aka ɗan gyara aka matso da allon gaba. A 2009 masu kallo a Amurka suka yi ta ƙorafi cewa an karɓi kuɗin babba an ba su ƙarami, ba tare da an bambance a jikin tikiti ba. Daga ƙarshen 2014 aka soma sa na leza, wanda ya fi na 2008 haske da zurfin baƙi nesa ba kusa ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka tambayi girman allon, ka tambaya ko leza ne. Sannan ka duba ko fim ɗin da kyamarar IMAX aka ɗauke shi, don irin waɗannan ne hotonsu ke buɗewa sama da ƙasa ya cika allon. Fim ɗin barkwanci ko na soyayya da mutane ke zaune a falo suna magana ba ya ƙaruwa da komai a can. A Najeriya kamfanin gidajen sinima na Filmhouse ya buɗe zauren IMAX a Lekki a 2016, shi ne na farko a Afirka ta Yamma, kuma wanda ya je Legas lokacin da ake haska fim ɗin da ya dace da shi ya kamata ya gwada ko sau ɗaya.

Sunan Dolby ma abu biyu ne. Dolby Atmos tsarin sauti ne kawai, ya fito a 2012, ana jera lasifika har a rufin zaure ta yadda ƙarar jirgi ko ruwan sama za ta ratsa ta saman kanka. Dolby Cinema kuwa zaure ne sukutum, da majigin leza mai haske wajen ninki biyu na zauren yau da kullum, na farkonsa an buɗe shi a Eindhoven ta ƙasar Holan a 2014. In ka samu na biyun, a ganina shi ne ya fi kowanne biyan kuɗinsa ga fim mai duhu da yawa. In Atmos ne kawai aka rubuta, hoton na iya zama daidai da na zauren da ke maƙwabtaka da shi. Kujera mai girgiza da fesa ruwa, irin 4DX da ya fito daga Koriya ta Kudu a 2009, wasan yara da samari ne na rana ɗaya. Mai ciwon baya da mai juna biyu su ƙaurace mata.

Zaren fim bai mutu gaba ɗaya ba. Daraktoci irin su Christopher Nolan da Quentin Tarantino sun riƙe shi, kuma a 2023 an haska Oppenheimer da zaren IMAX na milimita 70 a zauruka 30 kacal a faɗin duniya, kowane kwafi tsayinsa wajen kilomita 18, nauyinsa kusan kilo 270. Wanda ke zaune a Landan ko wani babban birnin Turai ko Amurka zai riƙa ganin sanarwar haska fim da zaren milimita 35 ko 70 jefi-jefi. Sabon zare a hannun gwani abin kallo ne, launinsa na da wani taushi da zurfi da nake ƙauna. Amma zare yana tsufa da kowace haskawa, don haka a makon farko ake zuwa, kuma gidan da ya saba da aikin ake nema. Dijital ba shi da wannan matsala, yadda yake ranar farko haka yake rana ta hamsin.

Mu a nan sauyin ya yi mana rana ta wata fuska. Fina-finan Kano da na Kudu tun farkon shekarun 1990 da kyamarar bidiyo ake ɗaukar su, kuma mayar da su zare ya fi ƙarfin yawancin furodusoshi. Da kamfanin Silverbird ya buɗe gidan siniminsa a Legas a 2004, sauran kuma suka biyo baya har Filmhouse ya shigo Ado Bayero Mall a Kano, majigin dijital ne ya sauƙaƙa wa fim ɗin gida hawa babban allo. Sai dai ba duk abin da aka kira dijital ne ya cika ƙa'idar sinima ba. Ƙaramin zaure na iya haɗa kwamfutar cinya da majigin taro irin na ofis ya sayar da tikiti. In farashin ya yi daidai da hakan babu laifi, amma ka san abin da kake saya.

Sauran dabarun ba sa cin ko kwabo. Sabon fim a makonsa na farko ake ba shi zaure mafi girma, daga baya a tura shi ƙaramin ɗaki a kan farashi ɗaya, don haka ka tambayi lambar zauren da yawan kujerunsa. Kujerar tsakiya, wajen kashi biyu cikin uku daga allo zuwa baya, nan ne ake tsayawa a daidaita sautin zaure, kuma nan ne allon azurfa ya fi adalci. Gidaje da yawa suna rage farashi a ranakun aiki da rana. Talla takan ci minti goma sha kafin fim ya fara, ka sa wannan a lissafi in ba ka so Magariba ta riske ka a ciki. In an fara ka ga hoton ya yi duhu, ko ya zarce gefen allo, ko wata lasifika na kwarmato, ka tashi a minti goman farko ka sami manaja. Yawanci za su gyara, ko su ba ka tikitin wani lokaci, amma in ka bari aka tashi ba wanda zai saurare ka.