Digiri na Biyu a Walwalar Dabbobi ko Kiyaye Namun Daji: Zariya, Jos ko Birtaniya?

Ɗalibin Kaduna da ya kammala digirin farko a likitancin dabbobi, ilimin halittu ko gandun daji, kuma yake son ƙaro karatu, ya kamata ya fara rarrabe fannoni biyu da ake yawan gwamawa. Walwalar dabbobi tana duba halin da kowace dabba take ciki, kamar saniyar da aka loda a tirela daga kara zuwa Legas ba ruwa ba hutu, ko jakin da aka jibga wa kayan da suka fi ƙarfinsa. Kiyaye namun daji kuwa ya shafi jinsi gaba ɗaya da dajin da yake rayuwa a cikinsa, irin giwayen da suka rage a Yankari.

Mai sha'awar walwala ba ya buƙatar yin nisa, domin Jami'ar Ahmadu Bello tana da Tsangayar Likitancin Dabbobi, ga kuma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, a Shika, kuma malaman Zariya sun daɗe suna bincike a kan illar zafi da doguwar tafiya a mota ga dabbobinmu. Kuɗin makaranta da naira ne, dabbobin bincike kuma suna nan kusa. Abin lura shi ne, batun walwala yakan shigo ne ta aikin binciken ɗalibi, saboda haka zaɓen malamin da zai duba aikin ya fi sunan kwas ɗin muhimmanci. A Birtaniya kuwa, Jami'ar Edinburgh tana da digirin shekara ɗaya a ɗabi'a da walwalar dabbobi, da wani na intanet a kan walwala da dokokinta, wanda ma'aikaci zai iya yi daga Kaduna ba tare da ajiye aiki ba, amma da fam ake biya, kuma wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

A fannin namun daji, ni dai Jos nake fifitawa. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, wadda take dajin Amurum a Laminga ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana ɗaukar ɗalibai kaɗan da tallafin karatu, tana kuma fitar da su daji su ƙirga tsuntsaye, su auna tsirrai, su koyi ƙididdigar sarrafa bayanan, wadda ita ce ƙwarewar da ƙungiyoyin kiyaye muhalli suke nema. Jami'ar Ibadan ma tana da sashen namun daji. Oxford tana da difloma mai tallafi ga waɗanda suka riga suka yi aiki a daji, sai dai ba digiri na biyu ba ce.

Akwai tambayar da bai kamata a biya ko kwabo ba kafin a amsa ta: a wane daji za a tattara bayanai? Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, shi ne mafi kusa da mu, amma matsalar tsaro ta daɗe tana hana shigarsa, kuma ɗalibin da ya ɗora bincikensa a kan wurin da ba zai iya takawa ba zai ɓata shekara a banza.

Mai neman Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, ya sani cewa ana buƙatar ƙwarewar aiki ta shekara 2, da alkawarin dawowa gida na shekara 2 bayan kammalawa, kuma tallafin bai shafi karatun intanet ba.