Katangar Berlin ko ƙauyen Mödlareuth: inda ya kamata ka kai Baba

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya kawo Baba lafiya, Ya sa a yi bikin karɓar shahadarka cikin farin ciki. Ka tambayi inda ya kamata ka kai shi yawon buɗe ido idan ya zo Jamus. Tunda Asabar ɗaya ce kawai gare ku, kuma abin da yake so shi ne ya ga inda aka raba Jamus gida biyu, to ku bar Berlin, ku tafi Mödlareuth. Daga Bayreuth inda kake, Berlin kusan kilomita 350 ce, dattijo zai ƙare yininsa a zaune cikin mota ko jirgi. Mödlareuth kuwa tana nan gaba kaɗan da Hof, ku fita bayan karin kumallo, ku dawo gida ku yi Magariba.

Amma ba kusancin ne babban dalilina ba. Ƙauyen ƙarami ne ƙwarai, mutanensa wajen 50 ne, kuma ɗan rafi ne ya ratsa tsakiyarsa, Tannbach, wanda yaro ma zai tsallake shi da ƙafa. Wannan rafin ya daɗe yana zaman iyaka. Tun 1810 aka kafa duwatsun shaida a bakinsa, fuska ɗaya ta masarautar Bavariya, ɗaya ta masarautar Reuss wadda yanzu take cikin jihar Turingiya, har yanzu suna nan kana iya dafa su. Sai dai a wancan zamanin iyakar ba ta dami kowa ba. Makaranta ɗaya ce, tana tsallaken Turingiya, gidan cin abincin da maza ke haɗuwa da yamma shi ma yana can. Ranar Lahadi kuma duk ƙauyen kan ɗunguma zuwa cocin Töpen, a ɓangaren Bavariya. Har ƙungiyar waƙa ta maza guda ɗaya suke da ita. Suna auren juna, suna binne juna.

Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, Bavariya ta faɗa hannun Amurka, Turingiya ta faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, sai ɗan rafin nan ya zama iyakar duniya biyu masu gaba da juna. Da farko ana ɗan lallaɓawa a tsallaka. A 1952 gwamnatin Jamus ta Gabas ta toshe iyakarta, aka kafa shingen katako wanda ya fi mutum tsawo a tsakiyar ƙauyen, aka kwashe waɗanda hukuma ba ta yarda da su ba aka kai su can cikin ƙasa. Mutanen wani gidan injin niƙa da ke bakin rafin sun samu sun tsere zuwa yamma ana gab da kwashe su, daga baya aka rushe gidan. A 1966 aka gina katangar siminti mai tsawon mita 700, tsayinta sama da mita 3, da hasumiyar tsaro da fitilu masu kwana a kunne. Sojojin Amurka ne suka riƙa kiran wurin Ƙaramar Berlin. Mutum ɗaya ne ya haura wannan katangar ya tsira, a 1973, da tsani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rayuwar waɗanda suka rage a gabas. An sa su cikin yankin da ba mai shiga sai da takardar izini, ko ɗan'uwanka ne daga wani gari. An hana su ɗaga wa na tsallake hannu. Ka tuna, gidajen nan ana jin carar zakaran juna. A can yamma kuwa motocin 'yan kallo ke zuwa suna leƙe, har George Bush babba ya zo a 1983 lokacin yana mataimakin shugaban Amurka.

Na kai iyalina lokacin da ake tsinkar tuffa. Muna tafe a ɗan titin ɓangaren Turingiya sai muka iske wata tsohuwa tana aiki a lambun ƙofar gidanta. Na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi daga ina muke. Hira ta yi nisa har ta nuna mini da hannu inda katangar ta bi, da tagar da takan tsaya ta hango wata 'yar'uwarsu tana shanya a tsallake, shekara da shekaru, ba halin ko sannu. Na ba ta labarin Illela da Birnin Ƙonni, yadda dangi ɗaya ke zaune a ƙasa biyu, da irin halin da mutane suka shiga da aka rufe iyakar a 2019 har sai ƙarshen 2020. Ta saurara da kyau, ta yi ta tambayoyi, ta cika wa yara aljihu da tuffa kafin mu wuce. Kai da ka taɓa faɗa mana cewa ku mutanen Illela ne, Baba ba ya buƙatar tafinta a wannan ƙauyen. Zai gane da idonsa, kuma zai ga inda abin ya kai matuƙa, don su shekara 37 suka yi a haka, daga 1952 zuwa 1989, ga bindiga a kansu.

Ko buɗewar ma ba rana ɗaya ta zo musu da Berlin ba. Katangar Berlin ta faɗi 9 ga Nuwamba 1989, amma mutanen Mödlareuth sai da suka ƙara wata guda cur suna matsa wa hukuma, kafin a fasa musu ƙofar masu tafiya a ƙasa ranar 9 ga Disamba. Ranar 17 ga Yuni 1990 aka kawo katafila ta ture mafi yawan katangar. Suka bar wani yanki a tsaye, da hasumiyar da shingen ƙarfen, shi ne ya zama gidan tarihin da za ku gani. Akwai ɗan fim da ake nunawa a ciki, ku fara da shi kafin ku fita fili. A shagonsu na sayi wani ɗan littafin hotunan ƙauyen, na da da na yanzu, yana nan a falona, duk baƙon da ya zo sai ya ɗauka ya buɗe.

Kuma ƙauye ne mai rai, mutane na ciki suna noma suna kiwo. Har yau a takarda gida biyu ne: rabi ƙarƙashin Töpen a gundumar Hof, rabi ƙarƙashin Gefell a gundumar Saale-Orla. Magajin gari biyu, lambar gidan waya biyu, lambar tarho biyu, lambar mota biyu, yara ma makarantu daban suke zuwa, hutunsu ba ya haɗuwa koyaushe. Amma bikinsu ɗaya ne. Tare suke kafa dogon icen nan na farkon watan Mayu, tare suke ƙawata icen Kirsimeti. A nan ne Baba zai ga Jamus ɗin da ba a gani a tashar jirgi: itacen hunturu an jera shi tsaf a gefen gida, tarakta a bakin hanya, 'yan kwana-kwana na sa-kai waɗanda manoman yankin ne da 'ya'yansu, ba albashi suke karɓa ba. Dattijon da ya san gayya da aikin gari zai so wannan.

Berlin kuwa, ba zan ce babu komai ba. In wata rana kun samu kwana biyu, ku je titin Bernauer, can ne ake ganin katangar yadda take da gaske, kuma ba a biyan ko sisi. Amma Checkpoint Charlie, tsohuwar mashigar da ke tsakanin Berlin ta Gabas da ta Yamma, da kowa ke rububin zuwa, ɗan ɗakin sojan da ke tsakiyar titin kwaikwayo ne, na ainihin an ɗauke shi tun 1990, yana wani gidan tarihi a unguwar Dahlem. Abin da ya rage cunkoso ne da shagunan tsaraba. A can na sayi wani ɗan dutse mai fenti a leda, wai ɓallin katanga ne, har da takardar shaida. Kuɗina ne suka tafi.

Ba ka tambaya ba, amma ka ji wannan da kyau. Katangar Berlin an rushe ta sama da shekara 30, kuma har gobe ana sayar da ɓallinta a kowane lungu. Takardar da ake haɗawa da shi kowa na iya bugawa a gida. Kada kuma ka bar wani ya buga wa Baba hatimin Jamus ta Gabas a fasfonsa na gaskiya don tsaraba, fasfo ba littafin wasa ba ne, yana iya jawo masa tambayoyi a filin jirgi. Masu wasan nan na ɓoye ƙwallo a ƙarƙashin akwatin ashana, waɗanda ke kewaye da su suna cin kuɗi duk yaransu ne, ko tsayawa kallo kada ku yi. Sannan, ko ina za ku, kada ka sayi tikitin wata na Deutschlandticket a hannun masu tallarsa da araha a Telegram ko WhatsApp. Da yawa da asusun bankin sata ake sayensa, ranar da aka soke shi kai za a kama a jirgi, kai za a ci tara, a gaban mahaifinka. Ka saya a manhajar kamfanin jirgin da kanka, kuma ka tuna ba ya aiki a ICE, jirgin ƙasan nan mai gudu na dogon zango.

Shawarata ita ce ka nemi mota, ko ta haya ko ta wani ɗan'uwa a nan, don bas ɗin ƙauye a ƙarshen mako ba abin dogaro ba ne, kana iya tsayuwa da dattijo a bakin hanya cikin sanyi. Ku tsaya a Hof ku ci abinci a wajen Turkawa, ku yi guzuri, a ƙauyen ba za ku samu naman halal ba. In da lokaci ka nuna masa tashar jirgin Hof ɗin, can ne jiragen farko suka sauke mutanen Jamus ta Gabas da suka fake a ofishin jakadancin Jamus ta Yamma a Prag, babban birnin Czechoslovakia a lokacin, ranar 1 ga Oktoba 1989. Ku ɗauki darduma da ruwan alwala a mota. Ka sa masa takalmi mai rufi da rigar sanyi mai kauri, yawancin abin kallon a fili yake, kuma iskar tudun nan tana da kaifi ko da rana ta fito.

Za a kalle ku, ƙaramin wuri ne kuma ba su saba ganin babbar riga ba. Ku riga su gaisuwa, za su amsa. Kada ku ɗauki hoton ƙofar gidan mutane ko ku shiga lambunsu sai sun yarda, don su ma sun gaji da a riƙa leƙensu. Ka duba lokacin buɗe gidan tarihin a intanet kafin ku tashi, lokacin hunturu sukan rufe da wuri. Ka gaishe mana da Baba da kyau.